Bashin da Ba a Son a Gama Biya: Yadda Katin Bashi Ya Kafu a Amurka

A watan Satumba na 1958 mutanen Fresno, wani gari na manoma a jihar Kaliforniya, suka wayi gari ma'aikatan gidan waya suna raba musu wasiƙu daga Bank of America. A cikin kowace wasiƙa akwai ɗan katin roba ɗauke da sunan mutum, da bayanin cewa daga ranar yana iya shiga kanti ya ɗauki kayan dala 300 zuwa 500, banki ya biya mai kanti, shi kuma ya biya banki daga baya. Kati 60,000 aka raba. Babu wanda ya roƙa, babu wanda ya cike takarda, babu wanda aka ce ya kawo jingina ko mai tsaya masa. Wannan kati ya bambanta da na cirar kuɗi da yawancin mutane ke riƙe da shi a Najeriya da Nijar, wanda kuɗin mutum ne ke fita daga asusunsa. Na Fresno kuɗin banki ne, kuma duk abin da aka kashe bashi ne. Yau idan aka ji wani ya nutse a irin wannan bashi, abin da aka fi saurin faɗa shi ne almubazzaranci ya kai shi. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma tarihin katin ya nuna cewa daɗewar bashin a wuyan mutum ita ce hajar da bankuna ke sayarwa, kuma da gangan aka tsara ta, mataki bayan mataki.

Cin bashi a kanti tsohon abu ne a Amurka kamar ko'ina. Mai kanti yana da littafinsa, ya san wanda yake bi, ya san lokacin girbi ko ranar albashi, kuma burinsa kuɗinsa su dawo ya saro wasu kaya. Har katin Diners Club, wanda Frank McNamara da Ralph Schneider suka fito da shi a New York a 1950 don masu cin abinci a manyan gidajen abinci, bai kauce wa wannan tsari ba: ƙarshen wata a kawo lissafi, mutum ya biya duka. Kamfanin yana samun nasa daga kuɗin rajista na shekara da kuma kashi 7 cikin 100 da yake cira daga hannun mai gidan abinci. Abin da Bank of America ya ƙaro shi ne zaɓi. Wanda ya ga dama ya biya duka. Wanda bai ga dama ba ya rage wani abu, saura ya tsallaka wata mai zuwa da kuɗin ruwa kashi 1.5 cikin 100 a wata, wato kashi 18 a shekara. Daga ranar aka sami mai bin bashi wanda jinkirin biya ke yi wa daɗi.

Da farko abin ya kusa zama abin kunya. Joseph Williams, jami'in da ya jagoranci shirin, ya yi hasashen kashi 4 cikin 100 ne za su yi jinkirin biya, sai ga shi sun kai kashi 22. Cikin shekara guda da 'yan watanni an baza kati kusan miliyan 2 a faɗin Kaliforniya, ɓarayi suka gano hanyar cin moriyar katin da aka sace, banki ya amsa asarar dala miliyan 8.8, Williams ya ajiye aiki a ƙarshen 1959. Amma da aka tsaurara karɓar bashi aka janye katin daga hannun masu taurin biya, a 1961 ya fara kawo riba. Sauran bankuna suka ga haka suka rufa masa baya. A 1966 bankunan Chicago suka aika miliyoyin katuna ta gidan waya cikin gaggawa, har da sunayen yara da matattu, wasu kuma aka kwashe su tun kafin su isa gida. Sai a 1970 Majalisar Dokokin Amurka ta hana aika wa mutum kati ba tare da ya nema ba. Kafin nan an riga an cika aljihun jama'a, kuma daga waɗannan shirye-shirye ne Visa da Mastercard suka fito.

Duk da haka, har ƙarshen shekarun 1970 katin ba shi da wata riba ta a-zo-a-gani, domin yawancin jihohin Amurka suna da tsofaffin dokoki da suka ƙayyade kuɗin ruwa, gadon ƙyamar da addinin Kirista ya daɗe yana yi wa cin ruwan bashi. Shari'a guda ce ta rushe wannan katanga. Wani banki a Nebraska, First National Bank of Omaha, yana ba mutanen Minnesota kati a kan kashi 18, alhali dokar Minnesota ta tsaya a kashi 12. Bankin Marquette na Minneapolis ya kai ƙara, a 1978 Kotun Ƙoli ta yanke cewa banki mai lasisin tarayya yana iya bin dokar jihar da yake zaune, ko a ina mai cin bashin yake. Citibank, wanda hauhawar farashi ta sa yake ranto kuɗi da tsada fiye da yadda dokar New York ta yarda ya bayar, ya fahimci abin da hukuncin yake nufi. Gwamnan Dakota ta Kudu, Bill Janklow, yana neman ayyukan yi ga mutanensa, jihar ta cire iyakar kuɗin ruwa a 1980, a 1981 Citibank ya kwashe sashen katinsa zuwa Sioux Falls. Delaware ta bi sahu a shekarar. Masu jefa ƙuri'a a sauran jihohi ba su soke dokokinsu ba. Adireshin banki kawai aka sauya, dokokin suka zama takarda. A 1996 kotun ta ƙara da cewa tarar jinkirin biya ma tana cikin wannan hukunci, tarar kuwa ta yi ta hawa.

Mataki na uku ya fi sauran ɓoyuwa, kuma shi ne zuciyar maganar. A kowace takardar lissafin wata akwai wani ɗan adadi da aka rubuta a fili, mafi ƙarancin abin da mutum zai biya don kada a ce ya saɓa alkawari. Da can yakan kai kashi 5 cikin 100 na bashin. Andrew Kahr, wani mai ba bankuna shawara, shi ake dangantawa da dabarar sauko da shi zuwa kashi 2. Lissafin ba shi da wuya. Wanda ake bi dala 1,000 a kan kashi 18, kuɗin ruwan wata guda dala 15 ne. In ya biya dala 50, dala 35 sun fita daga uwar kuɗi, kuma kafin shekara 2 rabin bashin ya tafi. In dala 20 ya biya, dala 5 kacal ta taɓa uwar kuɗi, kuma tunda ƙaramin adadin yana sauka tare da bashin, in shi kaɗai yake biya sai ya shafe sama da shekara 10 kafin ya ci rabi, ko da bai ƙara sayen allura ba. A idon mai biya sauƙi aka yi masa, har yana iya godiya. A 2009 Neil Stewart na Jami'ar Warwick a Ingila ya nuna cewa ganin wannan ɗan adadi a takarda yana jawo har waɗanda suke da halin biyan mai yawa su biya kaɗan, domin ido yana kafewa a kan lambar da aka nuna masa. Wanda ya karanta bayanin malamai a kan cin ruwan bashi na zamanin jahiliyya, inda wa'adi ke cika a ba mutum zaɓin ya biya ko a ƙara masa lokaci a ƙara masa kuɗi, zai ga tsohon abu ne ya sami kwamfuta da gidan waya.

Masu kare bankuna suna cewa ba a ɗaure hannun kowa ba, kuma kusan rabin masu kati suna biyan duka kowane wata ba tare da sisin kwabo na ruwa ba. Haka ne. Sai dai a tambaya, daga ina ribar take fitowa? Wani nazari da masana na Babban Bankin Amurka suka fitar a 2022 ya gano cewa kusan kashi 80 cikin 100 na ribar kati daga ɓangaren bashin da ke tsallaka wata take zuwa. Tun a 1991 masanin tattalin arziki Lawrence Ausubel ya lura cewa cikin shekarun 1980 kuɗin da bankuna ke rantowa ya yi arha sosai, amma ruwan kati ya ƙi motsi daga wajen kashi 18, ko da yake dubban bankuna ne ke gasa. Bayaninsa shi ne mutane da yawa suna karɓar kati da niyyar ba za su taɓa barin bashi ya kwana ba, don haka ba sa duba ruwan lokacin zaɓe, daga baya kuma su tsinci kansu cikin masu biyansa. Kasuwar da ribarta ta dogara ga kuskuren mai saye game da kansa ba za a ce zaɓi ne kawai ke tafiyar da ita ba.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi, kuma dole a ba ta haƙƙinta. Bashin kati ba shi da jingina, wasu ba za su biya ba, dole ruwan ya rufe wannan asara. In aka matse shi da doka, talaka ne za a fara hana wa kati, ya koma hannun masu ba da rance na bayan fage. Gaskiya ne kati ya buɗe ƙofa ga waɗanda banki ba ya kallo, har da mata, waɗanda kafin dokar 1974 ana iya cewa sai miji ya sa hannu. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma wanda motarsa ta lalace a tsakiyar wata ya san amfanin katin. Amma haɗarin rashin biya bai bayyana dalilin ɗaga ruwa a kan tsohon bashi ba tare da sanarwa ba, ko kafa teburin raba kati a harabar jami'a ga ɗaliban da ba su da albashi. Da dokar 2009 da Shugaba Obama ya sa wa hannu ta hana yawancin waɗannan, ta kuma tilasta a rubuta a takardar wata shekarun da mutum zai ɗauka in ƙaramin adadin kawai yake biya, bankuna sun yi gargaɗin bashi zai yi tsada ya yi wuya. Binciken da Sumit Agarwal da abokan aikinsa suka buga a 2015 ya gano cewa dokar ta rage wa masu kati kusan dala biliyan 12 a shekara, ba su kuma ga alamar an rama ta hanyar ƙara ruwa ko rage bashi ba. Kuɗin da aka iya cirewa kasuwa ba ta girgiza ba, da ma can ba kuɗin haɗari ba ne.

Gyaran bai taɓa saiwar ba. Hukumomi sun sa an ɗaga ƙaramin adadin ya rufe ruwan wata da kusan kashi 1 cikin 100 na uwar kuɗi, amma ko a haka rabin bashi yana cin kusan shekara 6. A 2023 bashin kati a Amurka ya haura dala tiriliyan 1 karo na farko, matsakaicin ruwansa kuma ya wuce kashi 20. 'Yan'uwanmu da ke zaune a can, waɗanda ake gaya wa sai sun riƙe kati kafin a yarda da su wajen hayar gida ko sayen mota, su sani cewa biyan duka kowane wata ya isa ya gina musu wannan shaida. Wanda kuwa bashin ya riga ya hau, ya daina kallon ƙaramin adadin da banki ya rubuta masa. Ya yanke wa kansa adadi tsayayye da ba ya sauka ko da bashin ya ragu, ya fara da katin da ruwansa ya fi tsada, ya ajiye katin a gida har ya gama.