Metabas, duniyar kwaikwayo: mece ce ita, kuma za ta iya raba mu da juna?

 Shekarun nan ana yawan maganar wata duniya da ake ginawa cikin kwamfuta, wadda mutum zai sa tabarau ya shiga, ya yi yawo, ya yi kasuwa, ya yi abokai, alhali yana zaune cikin ɗakinsa. Sunanta metabas. Wasu na murna da ita, wasu kuma na fargabar ranar da ɗiyanmu za su fi son zama can da zama cikinmu. Mun tattaro muku bayani a kan yadda take, inda ta samo asali, da gaskiyar abin tsoron da ke cikinta.

Yadda abin yake aiki

Tabaran da ake magana wata na'ura ce mai nauyin kusan rabin kilo, ana ɗaura ta a fuska ta rufe ido ruf. A ciki akwai hoto biyu, kowane ido da nasa, kuma sun ɗan bambanta kaɗan. Ƙwaƙwalwa ita ke haɗa su, sai mutum ya ga abu na kusa da na nesa kamar a fili. Na'urar tana bin motsin kai: ka waiwaya dama, hoton ya juya tare da kai; ka ɗaga kai, ka ga sama. Hoton yana sabuntuwa sau 72 zuwa 120 cikin daƙiƙa ɗaya, sauti kuma yana zuwa daga ɓangaren da mai magana yake tsaye. Shi ya sa jiki ke yarda da abin. Mutum ya san sarai a tsakar ɗaki yake, amma in aka nuna masa bakin rami sai ƙafarsa ta yi sanyi.

A can ciki kowa yana da surar da ke wakiltarsa, shi ke zaɓar mata fuska da tufafi da suna. Tsoho na iya shiga da surar saurayi, namiji da surar mace. Ba dole sai da tabarau ba: akwai irin waɗannan duniyoyi da ake shiga ta kwamfuta ko ta salula, kamar Roblox da Fortnite.

Daga ina ta fito

Kalmar ta fara bayyana a 1992 cikin wani littafin ƙagaggen labari mai suna Snow Crash, na marubucin Amurka Neal Stephenson. A 2003 kamfanin Linden Lab ya buɗe Second Life, inda mutane ke sayen fili, su gina gida, su yi ciniki da kuɗin cikin wasan da ake iya canzawa zuwa dalar Amurka. A 2014 Facebook ya sayi kamfanin tabarau na Oculus a kan dalar Amurka kusan miliyar 2, wato miliyan dubu biyu.

Lokacin kullen korona abin ya ƙara ƙarfi. A watan Afrilun 2020 mawaƙin Amurka Travis Scott ya yi wasa cikin Fortnite, mutum sama da miliyan 12 suka halarta lokaci guda, kowa daga gidansa. Sai a watan Oktoban 2021 Mark Zuckerberg ya canza wa kamfaninsa suna daga Facebook zuwa Meta, yana mai cewa metabas ce makomar intanet. Daga nan maganar ta bazu duniya.

Abubuwan da ake tsoro

Na farko shi ne kamu, wato mutum ya kasa bari. Misalin da ya fi girgiza mutane ya faru a Koriya ta Kudu. A 2010 aka kama wasu mata da miji a birnin Suwon bayan jaririyarsu ƴar wata uku ta mutu da yunwa. Suna kwana a shagon intanet suna renon wata yarinyar kwaikwayo cikin wasan Prius Online, tasu ta gaskiya tana gida ita kaɗai. Irin wannan ba kullum yake faruwa ba, amma ya nuna iyakar inda abin ke iya kaiwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta sa kamuwa da wasannin bidiyo cikin jerin cututtuka a 2019, jerin ya fara aiki a Janairun 2022. Alamomi uku ta bayar: mutum ya kasa sarrafa lokacin da yake ba wasan, wasan ya sha gaban sauran harkokinsa na rayuwa, ya ci gaba da yi ko da yana ganin ɓarnar da yake masa. Galibi sai abin ya kai wata 12 yana lalata karatu, aiki ko zaman iyali kafin a kira shi cuta. Hukumar ta kuma ce kaɗan ne daga cikin masu wasa ke kaiwa nan.

Na biyu shi ne kaɗaici. A watan Mayun 2023 babban jami'in lafiya na gwamnatin Amurka, Dakta Vivek Murthy, ya fitar da gargaɗi cewa rashin cuɗanya da mutane na iya gajarta rai kamar shan taba har kara 15 a rana. Birtaniya ta naɗa ministar kula da kaɗaici tun 2018, Japan ta bi sahu a 2021. Fargabar ita ce mai fama da kaɗaici ya sami wurin ɓuya mai daɗi, inda ba mai ɓata masa rai kuma ba mai neman komai wurinsa, har fitowa cikin mutane ta zame masa aiki.

Na uku ya shafi zuciya. A Fabrairun 2020 gidan talabijin na MBC a Koriya ta Kudu ya nuna wata uwa da aka sa wa tabarau, aka haɗa ta da surar ɗiyarta da ta rasu tana da shekara 7. Surar tana tafiya, tana magana. Uwar na kuka tana miƙa hannu ta shafa ta, hannun na ratsa iska. Miliyoyin mutane sun kalla, ra'ayi ya rabu: wasu sun ce ta samu damar yin bankwana, wasu sun ce an tayar mata da miki ne, kuma wanda ya saba ziyarar hoton mamaci zai daɗe bai dangana ba.

Na huɗu shi ne cin zarafi. Da yake jiki yana yarda da abin da ido ke gani, wanda aka matsa wa a can yana jin abin a ransa. Bayan koke-koken mata cewa ana taɓa surarsu ba da yardarsu ba cikin Horizon Worlds, a Fabrairun 2022 Meta ta sa iyaka ta mita ɗaya da ƴan kai tsakanin sura da sura.

To, ta cinye duniyar kuwa?

Har yanzu a'a. Sashen Meta mai kula da wannan aiki ya yi asarar dalar Amurka miliyar 13.7 a 2022, miliyar 16.1 a 2023, da miliyar 17.7 a 2024. Tabaran suna da tsada: na Apple, Vision Pro, ya fito a Fabrairun 2024 a kan dalar Amurka 3,499, sama da sefa miliyan 2. Mai arha na Meta, Quest 3S, ya fito a kan 299, kusan jika 180. Batirinsa ba ya wuce awa biyu zuwa biyu da rabi. Mutane da yawa kuma suna jin jiri da tashin zuciya, don ido yana cewa ana tafiya, jiki yana cewa ana zaune, kamar mai amai a mota.

Akwai kuma darasi daga Japan. Can suna da mutanen da ake kira hikikomori, masu kulle kansu cikin gida wata shida ko fiye. Binciken gwamnatin ƙasar da aka fitar a 2023 ya ƙiyasta su kusan miliyan ɗaya da rabi. Sai dai an san matsalar tun shekarun 1990, kafin tabaran su shigo kasuwa, kuma da yawansu rasa aiki ko kasa jure matsin makaranta ne ya tura su ɗaki. Ke nan sau da yawa na'ura tana samun ƙofa a buɗe ne. Ruwa ba ya tsami banza: yaron da ya nutse cikin wasa, a duba abin da yake gudu.

Hajarul Aswad cikin tabarau

Wannan batu ya taɓa mu kai tsaye ta wajen addini. A Disamban 2021 hukumar kula da Masallatai Biyu masu alfarma, ƙarƙashin Sheikh Abdurrahman Sudais, ta ƙaddamar da wani shiri da ke ba mutum damar ganin Hajarul Aswad ta tabarau. Nan take jita-jita ta tashi cewa za a fara aikin Hajji daga gida. A Fabrairun 2022 hukumar addini ta Turkiyya, Diyanet, ta bayyana cewa kallon ba laifi, kamar ziyarar gidan tarihi ne, amma ba ya zama Hajji, don ibadar sai ƙafa ta taka ƙasa. Maniyyaci na iya amfani da irin wannan ya san wuraren kafin ya tafi. Ɗawafi da tsayuwar Arfa kuwa sai an je.

Amfaninta

Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Matuƙa jirgin sama sun daɗe suna koyon tuƙi cikin na'urar kwaikwayo kafin a damƙa musu rayukan mutane. Likitoci na gwajin tiyata a ciki. A jami'ar Washington ta Amurka an ƙirƙiro wata duniyar ƙanƙara mai suna SnowWorld, ana sa wa waɗanda wuta ta ƙona lokacin wanke miki, hankalinsu ya tafi can, zafin ya ragu. Ga wanda ciwo ko naƙasa ya zaunar, wurin hira ne da bai da shi a da.

Mu nan gida fa?

Maganar gaskiya, tabarau na jika 180 ba shi ne damuwar mai neman kuɗin cajin waya ba. Tamu duniyar kwaikwayon tana cikin aljihu: TikTok, Facebook, WhatsApp, Free Fire, PUBG. Koriya ta Kudu ta ga haka. A 2011 ta hana ƴan ƙasa da shekara 16 wasan intanet daga ƙarfe 12 na dare zuwa 6 na safe, amma a 2021 ta soke dokar, ɗaya daga cikin dalilan kuwa yaran sun koma wasa a salula, inda dokar ba ta kai ba. Ƙasar Sin ita ta ƙara tsanantawa a 2021: ƴan ƙasa da shekara 18 awa ɗaya kawai, daga 8 zuwa 9 na dare, ranakun Juma'a, Asabar, Lahadi da na hutu.

Ku leƙa fada da daddare a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai. Buta na kan gawayi, samari shida a tabarma ɗaya, kowa fuskarsa na haske, har shayin farko ya huce ba wanda ya ce uffan. Wannan ba ya buƙatar tabarau.

Amma wayar nan ita ce kuma ke riƙe da gidaje da yawa. Wanda ke Libiya, Aljeriya, Legas, Kwatano ko Abijan da ita yake jin muryar tsohuwarsa, ya ga jaririn da aka haifa bayan tafiyarsa, ya san ko damina ta yi kyau. Tsohuwar da ba ta karatu tana danna saƙon murya ta yi wa ɗanta faɗa da addu'a. Don haka ba na'urar za mu tuhuma ba. Ma'aunin shi ne: tana kusanto maka da na nesa, ko tana nesanta ka da na kusa?

Abin da duniyar kwaikwayo ba ta iya ɗauka shi ne nauyi. A can in aboki ya dame ka sai ka kashe na'ura. A nan kuwa zaman tare yana da haƙƙi: gayyar noma, jinyar mara lafiya, suna, ɗaurin aure, ɗaukar gawa. Sura ba ta riƙe hauya, ba ta kai kowa asibiti cikin dare. Waɗannan wahalhalu su ne ke ƙulla mutane, su ne kuma mutum ke tararwa ranar da tasa ta same shi. Ba banza magabata suka ce zumunta a ƙafa take ba.

Abin lura ga iyaye da matasa

Ba yawan awoyi kaɗai ake dubawa ba, a duba abin da wayar ta ture. In yaro ya daina barci, karatu ya ja baya, sallah na wucewa, yana fushi in an karɓe wayar, yana ɗaukar kuɗi a ɓoye don sayen mega, ko ya bar abokansa na unguwa, to lokacin zama da shi ya yi. Duka da ƙwace waya kan sa ya koma yi a ɓoye. A tambaye shi me yake yi a ciki, da wa yake magana, don ba kowace sura ce ke faɗin gaskiyar shekarunta da niyyarta ba. A yanka lokutan da ba a taɓa waya: wurin cin tuwo, lokacin da baƙo ya zo, da bayan an kwanta. Manya su fara, don yaro abin da ya gani yake yi. In abin ya fi ƙarfin gida, a nemi shawarar malaman lafiya.

Ku kuma ƴan uwa na ci-rani, in za ku aiko wa ƙane ko ɗa babbar waya, ku haɗa da sharaɗi, ku riƙa tambayar na gida yadda yake da ita. Kiran bidiyo alheri ne, amma kada ya sa a yi shekara biyar ba a taka gida ba in da hali.

Muna jiran ra'ayoyinku da saƙonnin muryarku, za mu sa su cikin shirinmu. Allah ya tsare mana zuri'a, ya bar zumunci.