Aljihun Mutum Ɗaya Da Tarihin Ƙwallon Ƙafa A Ƙasarmu

Akwai wata muhawara da ba ta ƙarewa a gidajen kallon ƙwallo na Daura da Mai'aduwa da Zango da Sandamu da Ɓaure, wato ko daidai ne attajiri ya sayi ƙungiya, ya zuba mata dukiya, ya kwashe gwanayen 'yan wasa ya bar sauran ƙungiyoyi da ƙeya. Wasu na cewa a ƙayyade albashi kowa ya tsaya a matsayi ɗaya, wasu kuma na cewa mai abu da abinsa. Da yake masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya, na ga ya kyautu mu duba abin da ya faru a baya, a nan gida da kuma ƙasar Turawa, kafin mu yanke hukunci.

Zamanin kamfanoni da attajirai

An fara gasar Kofin Gwamna a Legas a 1945, wadda daga baya ta koma Kofin Ƙalubale, kuma 'yan wasan Kano sun ɗauko shi a 1953. Amma sai a 1972 aka kafa gasar lig ta ƙasa baki ɗaya, kuma ƙungiyar da ta fara cinye ta ita ce Mighty Jets ta Jos, wadda hamshaƙin ɗan kasuwa Alhaji Isyaku Ibrahim ya ɗauki nauyinta. Ke nan tun ranar farko hannun attajiri na cikin al'amarin.

A 1978 Raccah Rovers ta Kano, wadda ta ɗauki sunan gidan Raccah, fataken gyaɗa, ta zama zakarar ƙasa. A wannan shekara ce ta kara da Fluminense ta Burazil a Kaduna, Pele da kansa na cikin fili. Iyayenmu da suka ga zamanin har gobe suna ba da labarinta. Amma kafin a shiga 1990 ta zama tarihi.

Shekarun 1980 su ne ganiyar masu kuɗi. Kamfanin Leventis ya gina Leventis United a Ibadan, ta taso daga rukuni na uku, ta ci Kofin Ƙalubale a 1984 da 1986, ta ci lig a 1986, ta kuma kai wasan ƙarshe na kofin Afirka a 1985. Cif M.K.O. Abiola ya kafa Abiola Babes a Abekuta, ta ci Kofin Ƙalubale a 1985 da 1987. A Kaduna, Alhaji Muktar Aruwa ya riƙe Ranchers Bees, wadda ta kai wasan ƙarshe na kofin Afirka a 1988, ta ci kofin Afirka ta Yamma a 1989, kuma daga cikinta Daniel Amokachi ya fito. A Owerri kuwa Cif Emmanuel Iwuanyanwu ya karɓi Spartans ya sa mata sunansa, ta riƙa cin lig a jere har 1990.

Babu mai musun cewa waɗannan mutane sun ɗaga darajar ɗan ƙwallo, sun kuma fito da sunan Nijeriya a Afirka. To, amma ina ƙungiyoyin suke? Leventis United da Abiola Babes sun watse bayan kakar 1987, suna kan ganiyarsu, domin kawai masu su sun janye hannu. Ba kashi suka sha a fili ba. Ranchers Bees ta dusashe. Ta Iwuanyanwu ta koma hannun gwamnatin Imo a 2006 da sunan Heartland. Ƙungiyar da mutum ɗaya ke ciyarwa, ranta na cikin aljihunsa ne, ranar da ya ja zif shi ke nan.

Gwamnati ta gaji attajiri

A 1990 aka fara gasar ƙwararru, a shekarar ce kuma aka haɗa ƙungiyoyi uku na Kano, wato ta WRECA da Golden Stars da ta Bankin Arewa, aka samar da Kano Pillars. Jiharmu ta Katsina, wadda aka ƙirƙiro a 1987, ta samu Katsina United a 1994. Cikin ɗan lokaci ta kai wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale sau uku a jere: a 1995 Shooting Stars ta doke ta, a 1996 Julius Berger, a 1997 kuma BCC Lions ta Gboko. Bayan nan ta yi shekaru masu yawa ba ta cikin manya, sai a 2016 ta samu dawowa. Pillars kuwa ta ci lig a 2008, 2012, 2013 da 2014, ta kai wasan kusa da na ƙarshe na zakarun Afirka a 2009. Duk da haka, a 2022 Pillars da Katsina United tare suka faɗa rukuni na biyu, a 2023 kuma tare suka dawo.

A matsayina na ma'aikacin gwamnati, na san yadda takarda ke tafiya daga tebur zuwa tebur kafin a saki kuɗi, na kuma san cewa abin da shugaba ke so shi ke samun kaso a kasafi. Ƙungiyar da ta dogara da baitulmali ba ta tsira daga ciwon Abiola Babes ba, sunan mai aljihun kawai aka sauya. In an yi sa'a shugaban mai son ƙwallo ne, sai a sayo 'yan wasa daga ko'ina. In wanda ya gaje shi hankalinsa na wani wuri, sai ka ji 'yan wasa na bin bashin albashi da alawus. Shi ya sa a zamanin hukumar LMC, wadda ta gudanar da gasar har zuwa 2022, dokar da aka kafa ta mafi ƙarancin albashi ce, naira 150,000 a wata. Turawa na neman rufi saboda kuɗi sun yi yawa, mu kuwa daɓe muke nema.

Su ma masu kuɗin ba su daina zuwa ba. An kori Giwa FC ta Jos daga gasar a 2016. A shekarar ce ƙungiyar Ifeanyi Ubah ta ci kofin ƙasa, amma a 2021 ta faɗi daga rukunin manya. Sai dai akwai misali na daban: Remo Stars ta Kunle Soname ta gina filinta da makarantar horar da yara a Ikenne, ta bi a hankali, har ta ci lig a 2025. Kuɗin da aka binne a gini da tarbiyyar yara ya fi wanda aka watsa a sayen suna daɗewa.

Abin da Turawa suka gwada

Masu kiran a ƙayyade albashi ya kamata su san cewa Ingila ta yi shekara 60 tana yin haka. A 1901 aka sa dokar kada a biya ɗan wasa fiye da fam 4 a mako, aka riƙa ƙarawa har ya kai fam 20. Dokar ta yi amfani, domin ƙungiyar ƙaramin gari irin Burnley ta iya cin lig a 1960. Amma ta zo da nata lahani. An riƙa biyan 'yan wasa ta bayan fage, har aka hukunta Manchester City a 1906 da Sunderland a 1957. Gwanaye irin su John Charles suka tafi Italiya neman abin da ya fi. Daɗin daɗawa, filaye na cika maƙil, amma wanda ya jawo jama'ar ba ya samun rabonsa. A 1961 ƙungiyar 'yan wasa ƙarƙashin Jimmy Hill ta yi barazanar yajin aiki, aka soke dokar, nan da nan Fulham ta fara biyan Johnny Haynes fam 100 a mako.

Da aka kafa Firimiya a 1992, kuɗin talabijin suka shigo, sai ƙofa ta buɗe. Jack Walker ya zuba dukiyarsa a Blackburn ta ci lig a 1995. Roman Abramovich ya sayi Chelsea a 2003, lokacin da yawancinmu muna ɗalibai, ya riƙe ta har 2022. Shaihu Mansur na Abu Dabi ya sayi Manchester City a 2008, ta ci lig sau shida tsakanin 2018 da 2024. Mutanen Ƙatar suka karɓi PSG a 2011, suka sayi Neymar a kan yuro miliyan 222 a 2017.

Ganin haka, hukumar ƙwallon Turai ta fito da wata dabara, wato a daidaita abin da ƙungiya ke kashewa da abin da take samu. A 2022 ta tsara cewa kuɗin albashi da sayen 'yan wasa su sauko zuwa kashi 70 cikin 100 na kuɗin shiga. A Ingila an rage wa Everton maki a 2023 saboda asarar da ta wuce ƙa'ida. A Jamus kuwa doka ta tanadi cewa, in ban da 'yan tsiraru, membobin ƙungiya ke riƙe da rinjayen ƙuri'a, attajiri na iya kawo kuɗinsa amma ba ya zama wuƙa da nama.

Dabarar da ke ƙofar gidanmu

Ba sai mun je Jamus ba. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ne ya dasa wasan folo a Katsina, ɗansa Sarki Usman Nagogo kuma ya shahara a kansa. Folo wasan sarakuna da attajirai ne, amma duba yadda aka ɗaure mai kuɗi a cikinsa. Kowane ɗan wasa na da lambar gwaninta, mafi girma ita ce 10, kuma kowace gasa na da iyakar jimillar da 'yan wasa huɗu na ƙungiya za su haɗa. Komai dukiyarka ba ka isa ka jera gwanaye huɗu a gasar da ba ta ba da dama ba. Ba a taɓa aljihun kowa ba, ƙarfin da za a shigo da shi fili aka auna.

Wannan darasi ya shafe mu kai tsaye. A gasannin unguwanni da na hutun makaranta a ƙasar Daura, sau da yawa na ga yaran da suka shekara suna atisaye, suna karo-karon sayen ƙwallo da riguna, amma ranar wasan ƙarshe sai wani mai hali ya ɗauko 'yan haya daga wani gari, 'yan gida su koma benci. A ci kofi, a yi hoto, baƙi su hau mota. Baɗi in mai halin ya sauya sha'awa, ko zaɓe ya wuce, ƙungiyar ta mutu. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Saboda haka ra'ayina shi ne, ƙayyade albashi ba shi ne maganin ciwonmu ba. Abin da tarihi ya nuna muna bukata abu uku ne. Na farko, a biya ɗan wasa abin da aka yi masa alkawari a kan lokaci. Na biyu, kowace ƙungiya ta kashe daidai abin da za ta iya samu, daidai ruwa daidai tsaki, a kuma ƙayyade yawan baƙin 'yan wasa a ƙananan gasanni. Na uku, a raba mallaka tsakanin jama'a, magoya baya su yanki katin zama memba, a riƙa karanta musu lissafi kowace shekara. Attajiri ya zo da alherinsa, marhabin da shi, amma ya tarar da gida a gine, yadda in ya tafi ba zai tafi da rufin ba.

A cikinmu akwai 'yan kasuwa da ma'aikata da masu riƙe da muƙamai, kuma wata rana za a zo wa ɗayanmu da roƙon ya riƙe wata ƙungiya. Ina fatan kafin ya sa hannu a aljihu zai tuna da Raccah Rovers da Leventis United, ya tambayi kansa wa zai riƙe yaran nan bayansa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah Ya sa mu dace, amin.