Tarihin Lambar 4,294,967,297: Zaton Fermat da Hujjar Euler

Masana ilmin lissafi sun daɗe suna nazarin wasu lambobi waɗanda ba sa rabuwa daidai sai da ɗaya ko da kansu, kamar 3 da 5 da 17. Irin waɗannan su ne za a kira "gagara-rabo" a wannan maƙala. Tarihin lambar da ke sama ya ta'allaƙa ne ga tambaya guda: shin tana cikinsu ko kuwa?

A shekarar 1640, Pierre de Fermat, wani ma'aikacin shari'a a birnin Toulouse na ƙasar Faransa, ya lura da wani tsari. Idan aka fara da 2, aka dinga ninka kowane sakamako da kansa, za a sami 2, 4, 16, 256, 65,536. In aka ƙara wa kowace ɗaya, sai su zama 3, 5, 17, 257, 65,537, kuma dukkansu gagara-rabo ne. Saboda haka ya rubuta wa abokansa cewa yana kyautata zaton haka jerin zai ci gaba har abada, ko da yake ya amsa cewa bai sami cikakkiyar hujja ba. Ta shida a jerin ita ce 4,294,967,297. Gwada ta da hannu aiki ne ja, domin akwai gagara-rabo 6,542 ƙasa da 65,536, waɗanda ake bukatar a jarraba ɗaya bayan ɗaya. Fermat ya rasu a 1665 ba tare da an warware batun ba.

A 1729, Christian Goldbach ya jawo hankalin Leonhard Euler ga wannan zance cikin wata wasiƙa. A 1732, yana ɗan shekara 25, Euler ya nuna a birnin St. Petersburg na Rasha cewa lambar tana rabuwa: 641 sau 6,700,417 ne. Daga baya ya tabbatar da ƙa'idar da ke taƙaita aikin, wato duk lambar da za ta raba ta dole ne ta kasance ninkin 64 da ƙarin ɗaya. Gagara-rabon farko masu wannan siffa su ne 193, 257, 449, 577, sannan 641. Ashe a gwaji na biyar amsar take.

Bayan haka, an gano cewa ta bakwai ma tana rabuwa da 274,177, kamar yadda Fortuné Landry ya bayyana a 1880. Har yau, duk da taimakon kwamfuta, ba a sami ko gagara-rabo ɗaya a jerin ba bayan biyar na farko.

Abin lura ga manazarci, ko na lissafi ko na harshe, shi ne cewa misalai biyar da suka dace da juna sun kai ƙwararre irin Fermat ga zato marar inganci. Yawan misalai yakan nuna inda ya kamata a bincika, amma hujja ce kaɗai ke tsayar da ƙa'ida.