Kububuwa da Likitocin Tudun Wada

Tun zamanin kakanninmu akwai tsoro tsakanin Bahaushe da maciji. Ko sunansa ma ba a son ambata da dare, sai a ce igiyar ƙasa. Labarin da muka gada na kafuwar Hausa Bakwai ma da maciji ya soma. An ce a rijiyar Kusugu ta Daura akwai wata macijiya mai hana mutane ɗiban ruwa sai ran Juma'a, har Bayajida ya zo ya sare mata kai. Wannan labarin baka ne. Amma akwai wani yaƙi da maciji wanda aka yi a zamaninmu, aka rubuta shi da shekara da lissafi, babban fagensa kuwa shi ne asibitin Tudun Wada, Zariya.

Macizai masu kisa a ƙasarmu waɗanda suka fi damun talaka uku ne. Akwai kasa, mai kauri da nauyin barci, wadda dafinta ke kumbura nama ya ruɓar da shi. Akwai gamsheƙa, mai fasa kai ta tsarto dafi cikin idon mutum. Sa'an nan akwai kububuwa, 'yar gajeruwa wadda ba ta cika wuce kamu ɗaya ba, amma ta fi sauran duka kisa. Don haka ake mata laƙabi da gobe da nisa. Manomi da makiyayi su ne abokan karonta, musamman farkon damina, lokacin da ake shiga gona ba takalmi.

A da, in maciji ya sari mutum, sai a nemi gardi ko mai magani. A ɗaure ƙafa tamau, a tsaga, a tsotse, a ba shi saiwa ya sha. Waɗansu su tashi, waɗansu su mutu. Abin da ya ɓoyu ga mutane shi ne, ba kowane sara ne maciji ke zuba dafi ba, ba kuma kowane maciji ke da dafin kisa ba. Wanda ya tashi sai a yabi mai magani, wanda ya mutu a ce kwana ya ƙare.

A shekarar 1894 wani likita mutumin Faransa, Albert Calmette, ya gano dabarar makari. Watau a riƙa yi wa dabba, kamar doki, allurar dafi kaɗan kaɗan har jininsa ya koyi kashe dafin, sa'an nan a ɗebi jinin a tace, a yi wa wanda aka sara allura. Amma dabarar na da sharaɗi: makarin da aka yi da dafin wani maciji ba lalle ya karya dafin wani dabam ba.

To, an kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, daga baya asibitin Tudun Wada ya zama wurin koyar da ɗalibanta likitanci. A farkon shekarun 1970 wani likita daga Ingila, David Warrell, ya zo aiki nan. Shi da abokan aikinsa suka ga yadda ake kawo manoma jini na zuba daga dasashinsu, suka ɗaura niyyar bin diddigin al'amarin. Suka riƙa roƙon mutane su zo da macijin in an riga an kashe shi, don a tabbatar da irinsa. Suka kai bincikensu har asibitocin ƙwarin Binuwai, inda kububuwa ta fi yawa.

A 1974 suka bayyana gwajin da suka yi tsakanin makari iri biyu, na Afirka ta Kudu da na Jamus, aka ga na Afirka ta Kudu ya fi ƙarfi kan kububuwarmu. A 1975 suka rubuta kan saran kasa, a 1976 kan gamsheƙa da makantar da tsartuwarta ke jawowa. A 1977 kuwa suka fitar da bayanin mutum 115 waɗanda kububuwa ta sara. Fiye da 90 cikin 100 jininsu ya daina daskarewa, fiye da rabinsu kuwa jini ya riƙa ɓallewa da kansa. Nan asirin ya tonu. Dafinta cinye sinadarin da ke daskarar da jini ya ke yi. Shi ya sa mutum zai kwana biyu kamar ya warke, sa'an nan jini ya tsinke masa a ciki ko a ƙwaƙwalwa.

Daga wannan aiki aka sami wata dabara mai araha. A ɗebi jinin majiyyaci kaɗan, a zuba a kwalba mai tsabta, busasshiya, a ajiye minti 20. In ya daskare, da sauƙi, sai dai a sake gwadawa an jima. In ya tsaya ruwa, dafi ya shiga, a yi allurar makari. Yau likitoci a Afirka da Asiya suna aiki da wannan gwaji.

Asibitin koyarwa ya ƙaura zuwa Shika a 2005, amma aikin bai tsaya ba. Likitocin Nijeriya, cikinsu har da Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero, Kano, suka haɗa kai da na Ingila. Aka kai kububuwa masu rai Liverpool aka tatsi dafinsu, aka yi makari mai suna EchiTAb. Aka gwada iri biyu kan mutum 400 a Kaltungo, aka bayyana sakamako a 2010. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin cututtukan da aka yi wa sakaci. A lissafinta yana kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 kowace shekara, ta kuwa ƙudura rage wannan da rabi kafin 2030. Abin da ya rage shi ne makarin ya wadata, ya yi araha, ya isa ƙauye.

To, ya kai mai karatu, ga rabonka cikin wannan tarihi. In maciji ya sari wani, kada a tsaga, kada a tsotse, kada a ɗaure tamau, gama tsaga tana ƙara zubar jinin da ba ya daskarewa. A cire zobe da munduwa, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti nan da nan, ko da ya ce ya ji sauƙi. In gamsheƙa ta tsarta a ido, a wanke da ruwa mai yawa, a tafi ga likita. Ka sa takalmi mai rufe ƙafa a gona, ka riƙe fitila da dare, ka kwana cikin gidan sauro. Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyashe mu, amin.