Tsoffin ƙarafan da ke kwance cikin ƙasar Damagaram

Wata rana da la'asar muna cikin darasin lissafi a ajinmu na yaƙi da jahilci, sai wani dattijo cikin ɗalibaina ya kwance bakin rawaninsa, ya ajiye wani baƙin kwabo mai faɗi a kan tebur. Ya ce, "Mushe, a duba mana wannan." Na ce, "Baba, ina ka samo shi?" Ya ce ɗansa ne ya tono shi a gona, da injin neman zinariya da ya dawo da shi daga Jado. Wani ɗan kasuwa har ya taya.

Na goge shi da tsumma, na miƙa wa aji. Su da kansu suka karanta lambar da ke jiki: 1780. Wannan ne ya sa na ga ya kamata in rubuto maka, ya kai mai karatu, don wataƙila gobe gonarka ce za ta fito da irinsa.

Tun da aka gano zinariya a Jado cikin 2014, samari da yawa suka koyi aiki da wannan inji. Shi kuwa in ya ji ƙarfe a ƙarƙashin ƙasa kuka kawai yake yi. Ba ya faɗa maka wa ya ƙera abin, ko yaushe. Wannan aikin mai sani ne.

Me ya sa ƙasarmu take da irin waɗannan kaya?

An kafa sarautar Damagaram wajen 1731, tana ƙarƙashin Barno. Sarki Sulaiman ɗan Tintuma ne ya mai da Zinder babban birni a farkon ƙarni na 19. Daga nan garin ya zama zangon ayarin da ke tasowa daga Tarabulus da Gat da Agadas, su bi ta nan zuwa Kano ko Kukawa. Attajirai da Buzaye suna sauka a Zango, sarki da fadawansa suna cikin Birni. Turawa masu yawon bincike ma sun ratsa: Richardson a 1851, Barth a ƙarshen 1852.

Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, shi ya ɗaukaka ƙasar. Ya kewaye Birni da ganuwa, ya tara bindigogi dubbai, ya sa maƙera suna zuba igwa, ana harhaɗa albarushi a nan gida. A zamanin ɗansa Amadu Kuran Daga aka kashe kyaftin Cazemajou a Zinder, cikin 1898. Sojan Faransa suka zo, aka gwabza a Tirmini ran 30 ga Yuli 1899, suka ci garin. Zinder ta zama hedkwatar Nijar daga 1911 har 1926, lokacin da aka koma Yamai. Fatake da mayaƙa da ƴan mulkin mallaka, kowa ya yar da wani abu a nan, ƙasa ta rufe.

Fara da sanin ƙarfen

Kafin ka tambayi shekarun abu, san da me aka yi shi. Launin tsatsa yana faɗa maka. Baƙin ƙarfe yana yin ja, kuma mayen ƙarfe yana kama shi. Gaci da tagulla suna yin tsanwa. Azurfa tana yin baƙi. Dalma tana yin fari-fari, ga nauyi, ga taushi. Zinariya ba ta sake launi ko ta shekara dubu. In kuwa ka ji abu sakayau kamar sanholo, to na zamanin Nasara ne ko bayansa.

Riyal mai tsuntsu

Kwabon dattijon nan riyal ne na azurfa. Gefe ɗaya akwai hoton mace, ita ce Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya. Ɗaya gefen akwai mikiya mai kai biyu. Nauyinsa giram 28. Fatake sun amince da shi don azurfarsa ba ta sakewa, mata kuma suna sa maƙeran fari su yi masa kunne su rataya a wuya.

To, ga inda ake ruɗuwa. Sarauniyar ta rasu a 1780, amma mutanen Afirka da ƙasashen Larabawa suka ƙi karɓar wani riyal in ba mai hotonta ba. Saboda haka aka ci gaba da buga shi da lambar nan ta 1780, a Biyana, daga baya har a Rum da Landan da Paris da Bombay. Riyal da aka buga bayan shekara ɗari da hamsin ma 1780 za ka gani a jikinsa. Kada wani ya ce maka naka ya shekara ɗari biyu da arba'in don lamba kawai. Sai masana sun duba ƙananan alamomin da ke jikinsa kafin su ce ga inda aka buga shi.

Ka lura kuma da kalmar dala. Asalinta sunan wannan kuɗi ne a bakin Turawa. Da Faransawa suka kawo azurfarsu ta tamma biyar, mai giram 25, sai sunan ya koma kanta. Shi ya sa har yau muke lissafin sefa da dala.

Wuri da kwabo mai huji

A da, talaka da wuri yake cefane. Daga tsibiran Maldibi na tekun Indiya ake kawo shi. Sa'ad da Barth ya sauka Kano a 1851, riyal ɗaya wuri 2,500 ne. Wuri 20,000 shi ake kira keso. Inji ba ya jin wuri, tun da ba ƙarfe ba ne, amma sau da yawa mai haƙa yakan ci karo da tukunya cike da shi. Kada ka zubar. Tukunyar da abin da ke cikinta shaida ɗaya ce.

In ka tsinci kwabo mai huji a tsakiya da tauraro mai tsini shida, na Ingilishi ne, wanda aka yi amfani da shi a Najeriya daga wajen 1907 zuwa 1958. Ƙaraminsa shi ne anini. Samun sa a nan yana nuna maka cinikin da bai taɓa yankewa ba tsakaninmu da Daura da Kano, ko bayan an shata iyaka. Na sanholo mai kan barewa, mai lambar 1948, yana cikin sefa na fari, don an ƙirƙiro sefa ne a watan Disamba 1945.

Kayan yaƙi

Dunƙulen dalma mai kama da ƙwallon magarya ko ya ɗan fi, harsashin tsohuwar bindiga ne, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, irin ta ƴan bindigar Tanimu da ta maharba. Kwanson tagulla kuwa na bindigar da ake ɗurawa ta baya ne, kamar samfurin Gras na 1874 da Lebel na 1886 na sojan Faransa. Duba gindin kwanson, sau da yawa akwai haruffa da shekarar da aka yi shi. Amma ka sani shekarar ƙira daban, ranar harbi daban. Akwai kuma kan kibiya, da tsinin mashi, da likkafa, da linzami, da gutsuren sulke.

In abu yana da kamar harsashin da bai tashi ba, ko ƙarfe ne rufaffe mai nauyi da ba ka gane ba, kada ka buga shi, kada ka sa a wuta. Ka bar shi inda yake, ka gaya wa jandarma.

Abin da ya faru a Bura

A yammacin ƙasarmu, wajen Tera, akwai wani wuri da ake kira Bura. A 1975 aka ci karo da tsoffin mutum-mutumi na yumɓu a can. Masani Bube Gado ya yi haƙa na ilimi a 1983, duniya ta san Nijar tana da tsohon tarihi. Da labari ya bazu, sai masu saye suka shigo da kuɗi. Cikin shekarun 1990 aka tone yawancin wuraren, aka fasa na fasawa, aka fitar da sauran ƙetare. Kuɗin da aka ba mutanen ƙauye ya ƙare tuni, kayan kuma ba su dawo ba. A 1997 gwamnati ta kafa dokar kare kayan tarihi, wadda ta hana haƙa neman su ba da izini ba. Rashin sani ya fi dare duhu. Kada mu bari a yi wa Tirmini da Mirya da gindin ganuwar Birni abin da aka yi wa Bura.

In ka tsinci wani abu

1. Kada ka kankare shi da wuƙa, ko toka, ko lemun tsami. Goge ƙasar a hankali da busasshen tsumma.
2. Rubuta ranar, da sunan gonar, da zurfin ramin, da abin da ke kusa da shi. Abin da ba a san inda ya fito ba, rabin labarinsa ya ɓace.
3. In ka ga ƙasusuwa ko tukwane a jere, daina haƙa.
4. Gaya wa maigari, a kai labari gidan adana kayan tarihi na Zinder, ko wurin malaman tarihi na Jami'ar André Salifou.
5. Kada ka kai wa maƙeri ya narke. Zobe ana sake yin wani, riyal da ya narke ya tafi ke nan.

Dattijon nan bai sayar da riyal ɗinsa ba. A aji muka buɗe littafi, shi da hannunsa ya rubuta sunan gonarsa da ranar da aka tono shi. Layi biyu ne, ya ɗauki kusan rabin awa, amma ya rubuta. Washegari wata ɗaliba a ajin mata ta zo da munduwar tagulla ta kakarta, ita ma aka sa ta cikin littafin.

Kai ma ka tambayi tsofaffin gidanku abin da ke cikin adudu da tsohuwar tukunya, tun suna da rai. Allah ya sa mu riƙe amanar magabata.