Tarihin Jeren Ƙari da Jeren Ninki a Lissafi

Jeren ƙari shi ne lambobin da ake ƙara wa kowace adadi ɗaya kafin a sami ta gaba, kamar 3, 7, 11, 15. A jeren ninki kuwa ninkawa ake yi: 3, 6, 12, 24. Littattafan makaranta sukan jingina dabarar tara jeren ƙari ga masanin lissafi Gauss, wai yana yaro ya tara 1 zuwa 100 nan take ya sami 5,050. Sai dai Sartorius von Waltershausen, wanda ya rubuta labarin a 1856, bai ambaci waɗannan lambobi ba, daga baya aka cusa su. Dabarar kuma ta girmi Gauss nesa ba kusa ba.

A Masar ya kamata a fara. Takardar Rhind, wadda magatakarda Ahmes ya kwafa wajen shekara ta 1550 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), tana ɗauke da iri biyun. Matsala ta 64 ta ce a raba mudu 10 na sha'ir ga mutum 10, kowa ya ɗara na bayansa da sumunin mudu. Ahmes ya fara da matsakaicin rabo, mudu 1, ya ƙara masa rabin bambancin sau 9 ya sami rabo mafi girma, sannan ya riƙa ragewa. Wannan aikin gwani ne. Matsala ta 79 kuma ninki ce da 7: gidaje 7, kyanwoyi 49, ɓeraye 343, zangarnu 2,401, mudu 16,807, jimla 19,607.

Euclid ya tabbatar da ƙa'idar tara jeren ninki a kashi na 9 na littafinsa Elements, Aryabhata na Indiya ya kawo ta jeren ƙari a 499. Ibn Khallikan ya rubuta labarin ƙwayar alkama da ake ninkawa a gidaje 64 na allon shaɗaranji a 1256. A 1544 Michael Stifel ya jera nau'o'in biyu kafaɗa da kafaɗa, ya nuna ƙari a ɗaya yana daidai da ninki a ɗayan, tunanin da Napier ya gina logaridim a kansa a 1614.

Kallon jere a matsayin fankshan, wato ƙa'idar da za a ba ta matsayi n ta fitar da lambar wurin, ya zo a makare. Euler ya shigo da alamar f(x) a 1734. Yau, idan a ita ce lambar farko, d adadin da ake ƙarawa, r kuma wanda ake ninkawa da shi, ana rubuta jeren ƙari f(n) = a + (n − 1)d, jeren ninki kuma f(n) = arⁿ⁻¹.