Yadda Aka Kafa Mujallar Ngaoundéré-Anthropos

Jamusawa sun ci Garwa da Ngaundere a 1901, suka ci Marwa a 1902, Faransawa kuma suka gaje su bayan yaƙin Garwa na 1915. Daga nan labarin Arewacin Kamaru ya zama sai abin da hafsoshin Turawa da jami'an mulkinsu suka ga damar rubutawa, takardun kuwa suna jibge a Yawunde da Turai.

Wanda ya fara sauya wannan hali shi ne Eldridge Mohammadou, haifaffen Garwa a 1934. Ya tsara jerin takardun da Jamusawa suka bari, sannan ya bi fada-fada yana ɗaukar maganar dattawa da Fillanci. Daga bakinsu ya haɗa tarihin Marwa da Rai Buba da Garwa. Abin takaici, wasu littattafan nasa sai a Tokiyo suka sami mai bugawa. Da aka rufe cibiyar binciken da yake aiki a 1991, ya koma Jami'ar Maiduguri, a garin kuma ya rasu a 2004.

Kafin nan dai an riga an dasa iri. A 1992 shi da Farfesa Lisbet Holtedahl ta Jami'ar Tromso, can ƙuryar arewacin Norwe, suka sa hannu wajen kafa shirin bincike na Ngaoundéré-Anthropos da kuɗin tallafi daga Norwe. Dangantakar ba sabuwa ba ce, domin 'yan mishan na Norwe suna Ngaundere tun wajen 1925. A 1993 Ngaundere ta sami cikakkiyar jami'a, a 1996 mujallar shirin ta fara fita.

A ganina babban aikinta shi ne buɗe wa matasa ƙofa. Ɗalibin da ya tattara tarihin garinsu ya sami inda za a buga masa a gida. Fitowa ta musamman ta 1998, wadda Farfesa Thierno Mouctar Bah ya shirya, ta ƙunshi tarihin rayuwar mutanen Arewacin Kamaru da suka yi tasiri a ƙarni na 19 da na 20.

Sai dai yawancin maƙalunta da Faransanci suke, alhali tarihin wannan yanki na Yola ne kamar yadda yake na Garwa. Ya kamata jami'o'in Yola da Maiduguri da Kano su nemi waɗannan kundaye, a zaɓi muhimman maƙalu a juya su zuwa Hausa da Fillanci.